Filin Makanike: Ba Kowace Kwambata Da Ta Shiga Ce Ta Dace Ba

Assalamu alaikum. A watan nan wasiƙu shida na ware daga cikin waɗanda suka iso, domin duk a kan abu ɗaya suke kewayawa, wato kwambata, tukunyar ƙarfen nan da ke zaune tsakanin inji da giyabos a motar otomatik. Sama da shekara ashirin ke nan ina kwance giyabos ina ɗaurawa a Kano, kuma ban ga ƙarfen da ake rainawa a jikin mota kamar ta ba. Mutum zai kwana biyu yana cinikin giyabos, ya juya shi, ya shinshina mansa, amma da an zo kan kwambata sai a ce da yaron shago ya ɗauko ɗaya daga tarin da ke baya. Abin yana damuna ƙwarai, don a gabana ake asarar kuɗin. Na taƙaita wasiƙun saboda fili.

Tambaya: Ina da Camry ƙirar 2004 mai silinda huɗu, wadda ake ce wa Big Daddy, ina jigilar Gusau zuwa Kano da ita. Giyabos ɗinta ya mutu na sayi na Beljiyam. Bai zo da kwambatarsa ba, sai mai shagon ya zaɓo wata ya ce ai duk ta Camry ce. Ta shiga lafiya, notuna duk sun kama. Amma tun daga ranar motar ta yi nauyi wajen tashi, tana shan mai fiye da da, wutar inji kuma ta kama. Da aka jona kwamfuta sai ta nuna P0741. Makanikena ya ce giyabos ɗin ne ba shi da kyau, mai shago ya ce makaniken ne bai iya aiki ba. Wa zan kama? Daga wani direba, Gusau.

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Kafin ka kama kowa, a fara da kwambatar nan, don duk alamomin da ka lissafa wajenta suke nuni. Maganar mai shago cewa duk ta Camry ce, kama da wane ba ta wane.

Bari in faɗa maka abin da ke cikinta, don idan ka gane shi ba wanda zai sake yi maka wannan magana. Daga waje kamar ƙwarya biyu ce da aka kife ɗaya a kan ɗaya aka yi musu walda. A ciki akwai fanka biyu suna fuskantar juna, cike da man giya. Ta farko a jikin tukunyar take, tukunyar kuma an ɗaure ta da faranti mai haƙora da ke bayan inji, saboda haka muddin inji na juyawa ita ma tana juyawa tana watsa mai. Ta biyu tana kan sandar da ke shiga cikin giyabos. Ba ƙarfen da ya haɗa su, man da ta farko ta watso ne ke tura ta biyu. Shi ya sa kake taka birki a danja giya na kan D inji bai mutu ba.

Tsakaninsu kuma akwai wata ƙaramar fanka da muke kira sitato. Aikinta kamar na mai ba da hannu a shataletale ne. Man da ya bugi fanka ta biyu idan zai dawo, da an bar shi da zai zo yana yaƙar fanka ta farko. Sitato ke karkatar da shi ya dawo ta inda zai taimaka. Da wannan dabara ce kwambata ke ninka ƙarfin inji wajen tashi, kusan sau biyu, wasu har biyu da rabi. Wani injiniya Bajamushe, Hermann Föttinger, shi ya ƙirƙiro ta a 1905, kuma don jiragen ruwa ya yi ta. Sai a 1948 kamfanin Buick na Amurka ya sa ta a ƙaramar mota. Na huɗu a cikin tukunyar shi ne kulocin kulle. Idan mota ta miƙe a kan titi, kwamfutar mota na sa mai ya danna wannan kuloci ya manne da murfin tukunyar, sai inji da giyabos su zama kamar sanda ɗaya, sulɓi ya ƙare, zafi ya ragu, shan mai ya ragu. Lambar P0741 da ka gani ma'anarta kwamfuta ta ba da umarnin a kulle, ta auna juyin inji da na sandar giyabos, ta ga har yanzu ana sulɓi.

To, dacewa iri biyu ce. Akwai wadda hannu da ido ke ganewa. Haƙoran da ke cikin kwambata dole su yi daidai da na sandar giyabos, da na bututun da sitato ke zama a kai. Wuyanta dole ya shiga famfon mai ya kama shi, domin wuyan kwambata ne ke juya famfon da ke ba giyabos gaba ɗaya mai. Cibiyar da ke gabanta dole ta zauna cif a ramin da ke bayan kurankishaf. Ramukan noti su dace da faranti, tsayinta kuma kada ya wuce, kada ya gaza. A nan ma ana zamewa. A Amurka, giyabos ɗin General Motors da ake kira 700R4 ya fito a 1982 da sanda mai haƙora 27, bayan 'yan shekaru aka mai da ita 30, suna bai canja ba. Magajinsa 4L60E, wanda ke cikin manyan Chevrolet da GMC, yana da kwambata mai faɗin milimita 298 da mai 300, kuma ba sa musanya da juna. Bambancin milimita biyu a suna, amma sandar da gidan duk daban.

Taka ta wuce wannan jarrabawa tunda ta shiga. Matsalar tana ga dacewa ta biyu, wadda ke ɓoye a bayan walda. Kwanciyar fukafukan fankokin nan ba iri ɗaya ba ce. Masu ƙira na karkata su ne gwargwadon ƙarfin injin da za a ɗaura wa. Kwambatar da aka yi wa babban inji tana da tauri, tana kama mai da wuri. Ka sa ta a bayan ƙaramin inji, sai ta danne shi tun bai kai juyin da yake samun ƙarfinsa ba, motar ta tashi kamar an ɗora mata buhunan masara goma. Ka ɗauki ta ƙaramin inji ka sa wa babba, sai allurar juyin inji ta yi sama motar ba ta tafiya daidai da kukan, mai ya yi ta dahuwa. Haka ma kulocin kulle, girmansa da irin faiban da ke jikinsa, wato shimfiɗar da ke kama ƙarfe, da sifirin ɗin da ke shanye girgiza, kowanne an auna shi da injinsa da kwamfutarsa. Aure ne na mutum uku, inji da giyabos da kwamfuta, kwambata ce ke tsakiya.

Dubi Camry ɗin da mai shago ya ce duk ɗaya ce. Tsohuwar da ake ce wa Pencil light mai silinda huɗu tana da giyabos A140E, mai V6 kuma A541E. Irin taka ta 2002 zuwa 2004 mai injin 2AZ tana da U241E mai giya huɗu, daga 2005 aka koma U250E mai giya biyar a jiki iri ɗaya. V6 na waɗannan shekaru U140E ne ko U151E. Wadda ta biyo bayan taka, da ake ce wa Muscle, mai V6 kuma U660E mai giya shida. Duk waɗannan Camry ne, kuma kwambatocinsu a tari ɗaya suke kwance a bayan shago, babu mai rubutu a goshi.

Ga abin da za ka yi. Buɗe ƙofar direba ka dubi takardar da ke manne a jikin ginshiƙin. A ƙasa akwai inda aka rubuta A/TM, a gabansa za ka ga lambar giyabos ɗin da motar ta fito da shi. Tabbatar wanda ka saya shi ne. 'Yan kasuwa da ƙirga fil na soket suke ganewa, hakan yana taimakawa amma bai isa ba. Sannan ka ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17 a duba maka lambar kwambatar a kundin kayan Toyota, tana farawa da 32000. Sai makanikenka ya yi gwajin tsaye: motar ta yi zafi, a sa duwatsu a tayu, a ja birkin hannu, a danne birki da ƙarfi, a sa D, a taka totur har ƙasa a karanta allurar juyi. Kada ya wuce daƙiƙa biyar, don a wannan lokacin duk ƙarfin inji zafi yake zama a cikin mai. Ƙananan motocin fetur galibi suna tsayawa tsakanin juyi 1,800 da 2,600 a minti, littafin gyaran motar na da ainihin adadinta. Idan allura ta tsaya ƙasa sosai alhali inji lafiyarsa ƙalau, to kwambatar ba ta wannan injin ba ce, ko kuma sitato ɗinta ya saki yana juyawa ta kowane ɓangare. Idan ta haura sama sosai, faiban cikin giyabos ne ke sulɓi, makanikenka ya yi gaskiya ke nan. Ita ma P0741 tana iya zuwa daga solonoyid ko balbodi, masu rarraba mai a cikin giyabos, amma haɗuwarta da nauyin tashi a rana ɗaya da ɗaura wannan kwambata, ruwa ba ya tsami banza.

Ka rage dogon zango da ita har a gama binciken. Tafiyar Gusau zuwa Kano ba tare da kulle ba tana dafa mai, kuma sabon giyabos ɗin ne zai biya. Gaba kuma, ko a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko Ladipo, giyabos ɗin da ba a raba shi da kwambatarsa ba shi za ka nema, ko da ya fi tsada.

Tambaya: Camry ɗina ƙirar 2013 ce mai silinda huɗu. Idan ina tafiya a hankali tsakanin Samaru da cikin gari sai ta riƙa karkarwa kamar na hau gargada, da na ƙara wuta sai ta daina. An canja taya, an canja injin sit, ba ta daina ba. Yanzu an ce in canja giyabos. Daga wata malamar makaranta, Zariya.

Amsa: Malama, kada ki saki kuɗin giyabos tukuna. Wannan ciwo sananne ne a Camry ta 2012 zuwa 2014 mai giyabos U760E, kuma a kulocin kulle na kwambata yake. Yana zuwa ne a gudun kilomita 40 zuwa 80 idan ƙafa na kan totur kaɗan-kaɗan, daidai yadda kika kwatanta.

Dalilinsa shi ne motocin yanzu ba sa jira sai an miƙe kafin su kulle. Da can, lokacin da Chrysler ya dawo da kulocin kulle a 1978 bayan tsadar man da aka sha a shekarun 1970, ko dai a kulle yake ko a sake. Yanzu kwamfuta na danna shi rabi da rabi tun a ƙaramin gudu, tana barin ɗan sulɓi da gangan don a rage shan mai. Wannan sulɓi sai faiba da mai sun jitu yake tafiya sumul. Da mai ya tsufa, ko aka zuba wanda ba nasa ba, ko faiban ya goge ya yi santsi, sai kulocin ya riƙa kamawa yana saki sau da yawa a cikin daƙiƙa. Ita ce gargadar da kike ji. Kamfanin Toyota da kansa ya amince da matsalar a Amurka, ya fitar da sabuwar manhajar kwamfuta, ga waɗanda abin ya riga ya yi nisa kuma ya canja musu kwambata ya ƙara maganaɗisu a tiren mai. Wa'adin wancan garanti ya wuce, amma hanyar gyaran tana nan.

Ki gwada wannan a titin da babu cunkoso. Lokacin da take karkarwar, kada ki ɗaga ƙafar dama, ki ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, iya yadda wutar birki za ta kama. Kwamfuta na sakin kulle da zarar ta ji birki. In karkarwar ta ɗauke nan take, mun kusa. Na ce mun kusa ne saboda fulogi ko koyil mai rauni shi ma a lokacin kulle yake bayyana, tunda babu mai a tsakani da zai shanye tsallen inji. Don haka a jona kwamfuta a duba ko wata silinda na ɓata wuta kafin a yanke hukunci.

In inji lafiya, a fara da mai. Toyota WS motarki ke sha, ba T-IV ba, ba Dexron ba, ba kuma jan man da ake aunawa a galan ba. Duk ja ne a ido, amma yadda kowanne ke barin faiba ya zame daban ne. A sani kuma, idan an kwance noti an tsiyaye, bai fi kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ke fitowa ba, mai yawa na maƙale a cikin kwambata. Sai a zuba, a yi tafiyar 'yan kwanaki, a sake, har sau uku. Giyabos ɗin nan ba shi da sandar duba mai, ta ƙasa ake auna shi mai na da ɗumin wajen digiri 40, saboda haka a kai wa wanda ya saba da shi. Na ga da yawa sun warke a nan. In ba ta warke ba, kwambata kaɗai za a canja, wadda lambarta ta dace da shasinki, a sabunta manhajar. Jinkiri ne abin tsoro, domin garin faiban da ke gogewa cikin mai yake shiga ya zagaya ko'ina.

Tambaya: Ina koyon aiki shekara biyu. Maigidana ya yi tafiya na ɗaura giyabos ni kaɗai. Ya rage ɗan taƙi bai haɗu da inji ba, sai na ja shi da notuna. Na ji ƙas. Yanzu inji na tashi amma motar ba ta motsi, ko gaba ko ribas. Ban faɗa wa kowa ba. Daga wani ɗan koyo, Maraɗi.

Amsa: Ƙanena, famfon mai ka fasa. Kada ka sake tayar da injin, kuma ka faɗa wa maigidanka yau, kafin ya ji a bakin wani.

Na san nauyin da ke ƙirjinka don ni ma na ɗauke shi. Ina shekara ta uku a wajen maigidana, Allah ya jiƙansa, na yi wa tsohuwar Marsandin wani Alhaji irin wannan. Maigida bai ɗaga murya ba. Ya sa na sauke giyabos ɗin da hannuna, na buɗe famfon, ya ɗora mini gutsattsarin giyar a tafin hannu ya ce in duba inda kunnuwanta suka karye. Daga aljihunsa ya sayi wani famfon. Na yi kwanaki ban iya haɗa ido da shi ba, kuma tun daga ranar ban sake ɗaura giyabos ban auna ba.

Kwambata a jikin giyabos ake fara sa ta, ba a jikin inji ba. Ka zuba mata kamar lita ɗaya na mai, ka shafa wa wuyanta da sil ɗin mai. Ka riƙe cibiyar da hannu ɗaya, kana juyawa kana turawa a hankali. Hawa uku take shiga: ta kama sandar giyabos, ta kama bututun sitato, sannan wuyan ya faɗa cikin famfo. Na ukun shi ke yaudarar mutane, don bayan hawa biyu sai ta yi kamar ta zauna. Wani lokaci biyu na shiga tare, shi ya sa ban yarda da ƙirgen ƙara kaɗai ba. Ka gitta miƙaƙƙen ƙarfe a bakin gidan giyabos ka auna nisansa zuwa inda notunan kwambata ke zama, ka gwada da abin da littafi ya ce, ko da abin da ka auna kafin ka cire tsohuwar. Wannan awo shi ke tona asirin kwambatar da ba ta dace ba tun kana ƙasa, kafin ka ɗaga komai.

Giyabos da inji kuwa da hannu suke haɗuwa, baki da baki, a kan fil biyun nan da ke daidaita su. Ka tabbata fil ɗin suna nan, don rashinsu na cinye bushin ɗin famfo yana tsaga faranti. Noti aikinsa riƙewa ne. Duk lokacin da ka ga sai ka ja da noti, wani abu ya tokare, sauke ka duba. Bayan sun haɗu, sa yatsa ta ƙasa, kwambata ta juya sakayau, kuma ya zama akwai ratar kamar milimita 3 zuwa 5 da za ka jawo ta ta taɓa faranti. In ta matse ba rata, ba ta zauna ba ko ta yi tsayi. In ratar ta yi yawa, jawo ta zai kusa zare wuyan daga famfo. Notunan faranti kuma nata za ka mayar. Wanda ya fi tsayi yana dannan murfin daga waje ya yi ƙusumbi a ciki, daidai inda kulocin kulle ke kwanciya.

Kafin ku mai da wannan kwambatar, ku dubi wuyanta da kyau. In ya tsage ko ya lanƙwashe ita ma ta tafi.

Tambaya: Honda Accord ɗina ta 2005 mai silinda huɗu, wadda ake ce wa EOD, sau biyu ana canja mata faiba a wata takwas, yanzu ta fara sulɓi kuma. Duk lokacin tsohuwar kwambatar ake wankewa da fetur a mayar. Daga wani Alhaji, Kaduna.

Amsa: Ranka ya daɗe, ka riga ka faɗi amsar a jimlarka ta ƙarshe. Lokacin da giyabos ya ƙone, garin faiba da ɓurɓushin ƙarfe na bin mai su shiga kwambata. Ita kuma tana juyawa da gudu, sai ta wurga dattin nan can gefe ya daskare a lungunan fukafukai da bayan kulocin kulle. Fetur ta ƙaramin bakin nan ba ya kai wa can. Da sabon mai ya yi zafi sai ya narkar da shi ya kai wa sabon aiki. Ga shi Honda ba ta da tiren mai a ƙasa kamar Toyota, matatarta a can ciki take sai an raba gidan. Idan ba a canja ta ba ta toshe, ƙarfin mai ya faɗi, faiba ya sake ƙonewa. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Gyaran kwambata na gaskiya shi ne a yanka waldar a kan injin yankan ƙarfe na 'yan tona, a wanke ciki, a canja faiba da boris, a mayar da walda, a daidaita nauyinta a gwada yoyo. In ba ka sami mai wannan kayan aiki ba, a nemo wata daga giyabos mai lafiya. Lambar giyabos ɗinka BCLA ce ko MCLA, tana jikin gidan. Ta V6 BAYA ce ko MAYA, kada a kawo maka ita. A tsiyayo man da ya rage cikin wadda za a saya a kan farar takarda. Ja ko ruwan ƙasa-ƙasa ba laifi, baƙi mai ƙauri ko mai ƙyalƙyalin ƙarfe a bar musu. Sannan a wanke bututun da ke kai mai lagireto da sashen da ke sanyaya shi, don can ma datti na kwana. Mai kuma DW-1, shi ya maye gurbin Z1.

Tambaya: Prado ɗina mai dizal ce. Na sami kwambata mai kyau daga Prado mai fetur, lambar giyabos duk A750F. Zan iya sawa? Daga wani ɗan kasuwa, Maiduguri.

Amsa: A'a, Alhaji. Gaskiya ne ana samun A750F a bayan V6 na fetur, ana samunsa a bayan injin dizal 1KD, har da V8 na Land Cruiser. Cikin giyabos ɗin ne dangi, amma kowane inji da kwambatarsa da bakin gidansa. Dizal na ba da ƙarfinsa tun a ƙaramin juyi, bugunsa kuma ya fi na fetur nauyi, saboda haka fukafukai da sifirin ɗin kulle nasa daban ne. Ga rairayi ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a wajenku, kwambatar da ke sulɓi fiye da ƙima ba za ta bar mai ya huce ba. A nema da lambar shasi.

Tambaya: Ford Focus ɗina ta 2013, ta Amurka, mai injin 2.0, tana karkarwa wajen tashi. An ce kwambata ce, har an faɗa mini kuɗi. Daga wani matashi, Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, motarka ba ta da kwambata kwata-kwata. Giyabos ɗinta PowerShift ne, mai busassun kuloci biyu irin na motar hannu, kwamfuta ce kawai ke taka su a madadinka. Karkarwar tashi a wannan giyabos galibi daga kulocin take, musamman idan sil ya yi yoyo mai ya taɓa su, ko daga kwamfutar da ke jikin giyabos ɗin. Haka DSG na Volkswagen yake, kuloci biyu ne babu kwambata. Prius da Camry haibirid su ma ba su da ita. Kada kuma a ɗauka duk CVT, wato giyabos mai bel da ba shi da matakan giya, haka suke: Corolla ta 2014 zuwa sama mai CVT da yawancin Nissan suna da kwambata, tsohuwar Honda Jazz ta farko kuwa kulocin tashi gare ta.

Ka nemi wanda ke da kwamfutar da ke karanta Ford, ya duba lambobin da ke ajiye, ya leƙa ƙasan inda giyabos ya haɗu da inji ko akwai danshin mai. In an canja kulocin, dole a sa kwamfuta ta sake koyon inda sabon ke kamawa kafin ka fita da motar daga gareji.